YADDA ZA KA SA SABON KAN FAMFO A BESIN DA HANNUNKA



A 'yan shekarun nan ƙungiyoyi da dama sun haɗa kuɗi sun haƙa rijiyar burtsatse, sun sa mata inji mai aiki da hasken rana, sun ɗora tanki a bisa gado. Daga tankin aka ja bututu zuwa ɗakin magani, da gidan Fasto, da makewayin masaukin baƙi. Wannan abin godiya ne ƙwarai. Amma sa'ad da muke zagaya ikilisiyoyi, akwai abu guda da mukan tarar kusan ko'ina. In ka shiga inda aka kafa kwanon nan na tangaran na wanke hannu, wanda masu shago ke kira besin, sai ka iske an naɗe kan famfon da tsohuwar robar keke, ruwa na ɗiga, bango ya yi gansakuka. In ka tambaya, sai a ce ana jiran mai gyara daga birni. Wani wuri an yi wata shida ana jiransa. Wani wuri kuma an gaji, an rufe ruwan ɗungum, ungozoma ta koma wanke hannu a bokiti guda tun safe har yamma.

Kada kowa ya rena ɗigon nan. Ka sa kwalba mai cin rabin lita a ƙarƙashinsa, ka duba agogo. In ta cika cikin minti 10, watau lita 3 ke nan a awa, lita 72 a dare da rana. A kwana 30 ya zama lita 2,160. Ka ga ya fi abin da tanki mai lita 2,000 ke ɗauka. Da damina, in hadari ya rufe rana kwana biyu injin bai ja kome ba, ruwan nan da ya tsiyaye shi ne mata za su tafi nema a rafi.

Sa sabon kan famfo ba aikin da sai an ɗauko mutum daga nesa ba ne. Wanda ya iya kwance garmar shanu ya ɗaura, ko ya gyara keke, zai iya. Sai dai akwai abu guda da za ka riƙe tun daga farko, gama shi ne ke kā da mutane da yawa: ba ƙarfin hannu ke tsai da ruwa ba, 'yar robar nan ce da ake kira washa. Hannun da ya saba da galma yakan so ya ɗaure kome tam. A nan kuwa ɗauri mai tsanani shi ke fasa kaya.

WANE IRI ZA KA SAYA?

Rabin aikin a shago ake gama shi. Kafin ka tafi, ka leƙa besin ɗin ka ga ramin famfo nawa ne a jikinsa, guda ko biyu. In da hali, ka kwance tsohon ka tafi da shi a jaka, ya fi dogon bayani.

Kan famfon besin yana da wutsiya mai haƙora wadda ke ratsa ramin ta sauka ƙasa. Haƙoran nan su ne makanikai ke kira tiredi. Girman wutsiyar na besin rabin inci ne. Na bahon wanka da na wasu famfunan tsakar gida shi ne inci uku bisa huɗu. Kada ka auna da ma'auni ka rikice, domin wutsiyar da ake kira rabin inci faɗinta daga waje ya kai wajen milimita 21. Sunan ya samo asali ne daga faɗin cikin bututun dā, ba na waje ba. Irin haƙoran da muke amfani da su a Nijeriya na Ingila ne, guda 14 a kowane inci. 'Yan'uwanmu na Nijar, in kun je shago a Maraɗi ko Damagaram, rabin incin nan shi ne ake rubutawa 15/21, uku bisa huɗu kuwa 20/27. Suna ne ya bambanta, haƙoran ɗaya ne, kayan Kano sukan shiga na Maraɗi lafiya lau. Wanda za ku yi hankali da shi shi ne kayan Amurka, irin wanda baƙi kan kawo kyauta. Yankan haƙoransa dabam ne. Yakan fara shiga kamar zai yi, sa'an nan ya cije, ya yi ta yoyo.

Sai maganar ƙarfin ruwa, wadda masu shago ba safai suke faɗa maka ba. Ruwan da ke saukowa daga tanki, tsawon wurin da aka ɗora tankin shi ne ƙarfinsa. Kowane mita 10 na tsawo, watau wajen ƙafa 33, yana ba da ma'aunin ƙarfi guda da ake kira ba. Ana aunawa daga fuskar ruwan da ke cikin tanki zuwa bakin famfo. To, gadon tankinmu na ƙauye mita nawa ne? Uku, ko huɗu, in ya yi yawa shida. Ka ga ƙarfin ruwanmu sau da yawa bai kai ko rabin ba guda ba. Kawunan famfon nan masu ƙyalli, masu hannu guda da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi, da yawansu an yi su ne domin gidajen da ruwa ke zuwa da ƙarfi. Hanyar ruwan cikinsu ƙunci gare ta. In ka duba kwalin sau da yawa za ka ga an rubuta ƙarfin da yake bukata. Ka sa irin wannan a ƙarƙashin gajeren tanki, sai ruwa ya riƙa fitowa siriri kamar zare, kuɗin ƙungiya ya tafi a banza. Mu dai shawararmu, a bar wa otal-otal wannan.

Sauran iri biyu ne. Akwai na dā, wanda ake murɗawa sau uku ko huɗu kafin ya rufe. A cikinsa washar roba ce ke sauka ta danne bakin ramin ruwa. In ta cinye, a sake ta da kuɗi kaɗan, famfo ya koma sabo. Yashi ma bai cika damunsa ba. Akwai kuma na zamani wanda ake juyawa sau ɗaya kawai, rubu'in kewaye, ya buɗe ko ya rufe. A cikinsa wasu 'yan fayafayai biyu ne na tangaran mai tauri, masu santsi, ɗaya na goga ɗaya. Yana da daɗin aiki, in mai dogon hannu ne ma ungozoma za ta iya rufe shi da gwiwar hannu ba tare da ta sake ɓata hannun da ta wanke ba. Aibinsa biyu. Yashin burtsatse in ya shiga tsakanin fayafayan yakan karce su, kuma ba a gyara su, sai dai a sake zuciyar famfon gaba ɗaya. Na biyu, mutanenmu sun saba da murɗawa, sai yaro ya ga ya tsaya ya ƙara masa ƙarfi ya karya. In ka sami na dā mai kyau, ka saye shi domin gidan Fasto da masauki. In na zamanin kaɗai ke akwai, ka saya, amma ka sayi zuciyarsa guda ta ajiya a ranar, a shagon, gama ba kowace zuciya ke shiga kowane famfo ba.

Ƙyalli kuwa kada ya ruɗe ka. Duka an shafa musu farin ƙarfe a waje. Ka ɗauka ka ji nauyi, ka juya ka leƙa cikin wutsiya. Na tagulla nauyi gare shi, cikinsa rawaya ne. Na arha da ƙarfen tutiya ake zuba shi, ba shi da nauyi, cikinsa launin toka. Irin wannan ruwa ke cinsa daga ciki, wata rana wutsiyar ta ɓalle a hannunka. Kada ka dogara ga maganaɗisu, domin ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu. In kuɗi bai kai na tagulla ba, gara na roba mai kauri, wanda ka san roba ce ka saya, da na tutiya mai rigar aro.

Tare da kan famfon ka sayi abu uku. Na fari, gajeren tiyon nan mai rigar saƙar waya, mai noti a kowane baki, wanda ke haɗa wutsiyar famfo da bututun bango. Ka auna tazarar tun daga gida, ka sayi wanda ya ɗara ta kaɗan. Ka leƙa cikin notinsa biyu ka tabbata akwai washa a kowane. Na biyu, ɗan ƙaramin bawul na rabin inci da ake sawa a bango a ƙarƙashin besin. Ma'aji zai ce wannan ƙarin kuɗi ne. Ka gaya masa da shi ne nan gaba za a iya gyara famfo guda ba tare da an hana dukan unguwa ruwa ba. Na uku, farin tef ɗin nan mai santsi na masu aikin famfo, naɗi guda ko biyu.

KWANCE TSOHON

Kada ka fara aikin nan ran Asabar da yamma. In wani abu ya karye, shago ya rufe, jama'a za su zo sujada ran Lahadi ba ruwa, sunanka kuwa ya shiga bakin Zumuntar Mata. Ka fara da safe, ranar da akwai motar zuwa gari. Ka sanar tun daren jiya domin kowa ya ɗebi na girki.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana biyu masu ƙara baki, filaya, sukundireba, tocila, bokiti, tsummoki, da ɗan kananzir ko man inji. Ka nemi mutum guda ya taya ka. Akwai wata sifana mai dogon wuya da aka yi musamman domin notin da ke maƙale a bayan besin. In wani a gari yana da ita, ka aro. In babu, aikin zai yiwu, sai dai haƙuri.

Ka rufe babban bawul na gindin tanki, ka buɗe famfon da ya fi kowane ƙasa a gidan, ruwan bututu ya tsiyaye. Ka toshe ramin tsakiyar besin da tsumma, don kada ƙaramin sukuru ya faɗa. Kafin ka zura hannu a bayan besin, ka haska. Wurin duhu ne mai laima, kunama na sonsa. In ka kwanta kana duban sama, ka kiyayi idonka, tsatsa na zubowa.

Noti biyu za ka kwance. Na ƙasa shi ne ya haɗa bututu da wutsiya, shi za ka fara cirewa, bokiti na ƙarƙashi. Na sama, wanda ya manne da cikin besin, shi ke riƙe da famfon. Mutane sukan rikice da wajen da za su juya, domin suna tsaye suna laluba daga sama. Ka kwanta ka dubi notin daga ƙasa. In kana dubansa haka, juyawa yadda hannun agogo ke tafiya ɗauri ne, akasin haka kwancewa.

A nan ne haɗarin yake, bari in daɗe a kai kaɗan. Notin da ya yi shekara goma a laima yakan kafe. In ka ja shi da ƙarfi, famfon duka ne zai juya, ko kuwa ya tokari gefen ramin. Tangaran ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarna a wani masaukin baƙi. Noti ya ƙi, na zura guntun bututu a hannun sifana don in ƙara mata tsawo, na danna da ƙirji. Sai na ji ƙas! Besin ya tsage daga ramin famfo har baki. Na je gyaran abu ƙarami, na ƙare da sayen wanda ya ninka shi kuɗi, ban da kunyar tsayawa gaban kwamiti in yi bayani. Ga abin da ya kamata in yi. Ka ɗiga wa haƙoran kananzir ko mai, ka goge tsatsar da tsohon buroshi, ka tafi ka sha kunu. In ka dawo, abokin aikinka ya naɗe famfon da tsumma ya riƙe shi daga sama da hannu biyu, kai kuma ka gwada a hankali, ka ɗan ɗaure kaɗan, ka ɗan kwance, har ya saki. In ya ƙi, ka sake sa mai ka jira. In har yanzu ya ƙi, ka cire bakin zarton ƙarfe daga jikinsa, ka naɗe gefe guda da tsumma, ka yanka notin a tsaye har ya buɗe. Tagulla ba ta da wuyar yanka. Ban da guduma, ban da kurfi, ban da wuta. Wani lokaci ma ya fi sauƙi a kwance bututun magudana, a ɗaga besin ɗin daga maratayinsa, a kife shi bisa buhu a tsakar gida, a yi aikin a sarari.

In tsohon ya fita, ka kankare dattin da ke kewaye da ramin, sama da ƙasa, ka wanke, ka shanya. Ko ƙwayar yashi guda ta isa ta hana sabon zama daidai.

ƊAURA SABON

Ka kwance notin sabon, za ka ga washa, sau da yawa guda biyu. Ɗaya tana zama a sama, tsakanin gindin famfo da besin, don kada ruwan da ya fantsama ya bi ramin ya sauka. Ɗayar tana ƙasa, tsakanin besin da noti, ita ce matashin da ke hana ƙarfe cizon tangaran. In guda kaɗai aka ba ka, ka nemi ta biyu. Ka zura wutsiya, ka sa washar ƙasa, ka murɗa noti da yatsu har ya taɓa. Ka tashi ka daidaita bakin famfon ya dubi ramin magudana. Sa'an nan abokinka ya riƙe, kai kuma ka ƙara da sifana kamar rabin kewaye. Ka gwada girgiza shi. In bai motsa ba, ya isa, ka ajiye sifana. In notin na roba ne, hannu kusan ya wadatar. Kada ka cika ramin da siminti ko gam mai daskarewa kamar dutse, gama wanda zai zo bayanka ba zai iya cirewa ba sai ya fasa.

Sai bawul ɗin bango. Nan kaɗai ne farin tef ke da aiki, domin a nan babu washa, haƙora ne ke shiga haƙora, tef ɗin ne ke cika 'yan kafofin da ke tsakani. Ka riƙe bawul ɗin da hagu, bakin haƙoransa na dubanka. Ka bar haƙori na farko tsirara, don kada guntun tef ya yage ya bi ruwa ya toshe famfo. Ka naɗa yadda hannun agogo ke tafiya, kana ɗan ja don ya kwanta cikin haƙoran. In ka naɗa ta baya, garin murɗawa sai ya warware ya dunƙule a waje. Tef ɗin da ake sayarwa a kasuwanninmu siriri ne, saboda haka ka naɗa kamar sau 10 zuwa 15. Ka murɗa da hannu har ya yi tauri, ka ƙarasa da sifana, ka tsaya a inda bakinsa ya dubi sama. In ka wuce wurin, kada ka komo da baya, yoyo zai yi. Ka fitar, ka kankare tef ɗin, ka naɗa sabo. In bututun ya fito waje daga bango, ka riƙe shi da sifana ta biyu don kada ya juya a ciki. In kuwa mahaɗin da ke bango na roba ne, ka rage ƙarfi sosai. Ƙarfe in ya shiga roba da tsanani yakan tsaga ta, tsagar kuma ba ta nunawa sai bango ya jiƙe.

Tsofaffin masu aikin famfo a dā sukan naɗa zaren rama su shafa jan fenti mai dalma. Ramar ba ta da laifi, amma dalma guba ce, ba ta da wuri a bututun ruwan sha. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya mai dalma ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ya nuna mana abin da take yi wa jikin yaro. In ka ga ragowar gwangwanin tsohon fenti a sito, ka bar shi inda yake.

Yanzu ka ɗaura baki guda na tiyon a jikin bawul. Ɗaya bakin kada ka haɗa shi tukuna, ka sa shi cikin bokiti. Ka aika a buɗe bawul ɗin tanki, ka buɗe na bango, ruwa ya zuba kamar rabin bokiti. Ka duba gindin bokitin, za ka ga yashi, da ɓarɓashin tsatsa, da guntayen roba. Duk wannan da cikin sabon famfonka zai shiga. Mutane da yawa sukan tsallake wannan, bayan mako guda su ce mai shago ya cuce su.

Ka rufe, ka haɗa tiyon da wutsiya. A notin tiyo ba a sa tef, ko sama ko ƙasa. Washar da ke ciki ita ke tsai da ruwa, tef kuwa hana notin isa gare ta yake yi. Ka fara murɗawa da yatsu. In ka ji ya yi tauri tun juyi na farko, ya hau a karkace ne, ka komo ka sake. Noti mai tafiya daidai yakan yi juyi uku ko huɗu ba gardama. In ya tsaya, ka ƙara rubu'in kewaye da sifana. Ya isa. In ka wuce haka sai washar ta matse ta yage, ruwa ya fito, kai kuma ka ƙara ɗauri kana tsammani bai ɗauru ba, har notin ya fashe. Tiyon ya zauna da ɗan lanƙwasa mai sauƙi. Kada ya miƙe kamar tsarkiyar baka, kada ya karye a kusurwa, kada kuma ya murɗe kamar igiya.

GWAJI

In akwai 'yar rariya a bakin famfon, ka kwance ta tukuna. Ka buɗe famfon, sa'an nan ka buɗe bawul ɗin bango sannu sannu. Zai yi tari, iska ce ke fita. Ka bar ruwa ya gudu har ya yi garau, ka rufe, ka mai da rariyar. In da ita ruwan ya ragu ƙwarai, ka cire ta ka ajiye, tankinka ne gajere.

Ka goge kowane mahaɗi ya bushe sarai, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa. Ido yakan yi kuskure, amma takarda ba ta ɓoye ɗigo. Ka duba bayan awa guda. Ka sake dubawa da la'asar, sa'ad da rana ta cika tanki, domin a lokacin ne ruwa ya fi ƙarfi. Ka kuma duba washegari.

In ka ga laima, ka bi ta da yatsa zuwa sama har ka sami mafarinta, gama ruwa yakan fito a wani wuri ya bi jikin tiyo ya ɗiga a wani. In daga bango ne, tef bai isa ba, sai ka sake naɗi. In daga notin tiyo ne, ka ƙara ɗauri ɗan ƙanƙane. In bai tsaya ba, kada ka ƙara, ka kwance ka duba washar, watakila ta karkace ko ta faɗi. In ruwan ba ya fitowa sai an wanke hannu, washar sama ce ba ta zauna ba.

Akwai inda za ka tsaya ka kira wanda ya san aikin. In bututu ya karye a cikin bango, ko guntun haƙora ya ɓalle ya maƙale a mahaɗi. In famfon yana haɗe da tukunyar dafa ruwa ta lantarki. In kuma ka taɓa famfo ka ji yana ɗan jan hannunka, ka janye, ka kashe wuta, ka hana kowa taɓawa, wannan aikin mai gyaran lantarki ne.

Sabon kan famfo na tagulla, musamman a makonnin farko, ruwan da ya kwana a cikinsa kada a sha, kada a dama wa jariri koko da shi. Tagullar arha takan ƙunshi 'yar dalma. A bar ruwan safe na farko ya zuba a bokiti a ba shuka, sa'an nan a ɗiba. Ruwan da ke fita daga besin ɗin gida ma kada a bar shi ya kwanta a bayan ɗaki ya tara sauro, a ja shi zuwa gindin ayaba ko gwanda. Amma na ɗakin magani ba na lambu ba ne. A haƙa masa rami mai zurfi nesa da rijiya, a cika da duwatsu, a rufe.

Tsohon famfon kuma kada a jefar, in na tagulla ne irin na murɗawa. Ka cire murfin hannunsa, ka kwance sukurun, ka kwance babban notin wuyansa, zuciyar za ta fito da washa a gindinta. Sau da yawa ita kaɗai ce ta mutu. Ka shafa bakin ramin da take dannewa da yatsa. In sumul yake, sabuwar washa ta rabin inci ta isa. In ya yi zazzaɓe kamar bakin tsohuwar wuƙa, zai ci gaba da cin washa, sai a kai wa masu narka tagulla. Wanda ya gyaru a naɗe shi a leda, a ba magatakardan ƙungiya ya ajiye a akwati tare da ragowar tef, da washa biyar ko shida, da sifanar. Ya rubuta a littafi ranar da aka sa sabon da irinsa. In za a sake aikin a gidan Fasto ko a makaranta, ku kira mace guda daga Zumuntar Mata da saurayi guda daga matasa, su riƙe sifanar, kai ka riƙe tocila.